Yadda Ake Rage Ƙarfin Siginar Rediyo da Atinuweta, da Yadda Ake Zaɓar Mahaɗan Kebul

Ka ɗauki tiransimita mai fitar da wat 50, ka ɗauki na'urar duba sigina wadda bakinta ba ya jure fiye da wat 1, ka haɗa su kai tsaye da kebul. Kafin ka ɗauke yatsa daga maɓalli, aikin gama ya gama. Sau da yawa ba za ka ga hayaƙi ba, ba za ka ji ƙauri ba. Na'urar za ta ci gaba da kunnuwa, allonta na haske, sai dai ta kurumce, ko kuma ta riƙa ba ka awon ƙarya, wanda ya fi kurumtar muni. Abin da zai hana wannan asara ɗan ƙarfe ne da ake sakawa a tsakani, sunansa atinuweta, aikinsa kuma ɗaya ne: ya sha wani kaso na ƙarfin siginar ya mayar da shi zafi, ya bar ragowar ta wuce ba tare da ya lalata siffarta ba.

Idan ka buɗe na gama-gari, rasista uku kawai za ka tarar. Ko dai an jera su da siffar harafin T, biyu a kan hanya ɗaya ta sauka ƙasa, ko kuma da siffar harafin Girkanci π, ɗaya a kan hanya biyu sun sauka ƙasa. Ba ya buƙatar batir. Amma zaɓensa, da zaɓen mahaɗin da ke bakinsa, da yadda aka ɗaure shi, nan ne mutane ke tafka kuskure.

Mataki na farko: ka iya lissafin desibel da ka

Ba a auna ragin da wat, da desibel ake aunawa, wato dB. Lambobi biyar sun ishe ka ka haddace. Ragin dB 3 yana barin rabin ƙarfi. dB 6 yana barin kashi ɗaya cikin huɗu. dB 10 ɗaya cikin goma, dB 20 ɗaya cikin ɗari, dB 30 ɗaya cikin dubu. Daɗin abin shi ne tarawa ake yi: ka jera na dB 10 da na dB 20, ka sami dB 30, shi ke nan.

Shi kuwa ƙarfin kansa ana rubuta shi da dBm, wanda ke farawa daga miliwat 1. Miliwat 1 shi ne 0 dBm. Wat 1 shi ne +30 dBm, wat 5 shi ne +37, wat 10 shi ne +40, wat 50 shi ne +47, wat 100 kuma +50. Da zarar ka mayar da ƙarfin tiransimitarka zuwa dBm, sauran aikin ɗebewa ne irin na ɗan firamare. Ina ba da shawara ka rubuta wannan a takarda ka manna a bangon teburin aikinka, domin ranar da kake sauri ita ce ranar da ƙwaƙwalwa ke yaudara.

Mataki na biyu: nawa za ka rage, kuma wa zai sha zafin

Duba bakin na'urar awonka. Masu ƙera ta kan rubuta iyakar da take jurewa a daidai wurin. Manyan na'urorin duba sigina da yawa suna rubuta +30 dBm, amma ƙanana irin na aljihu da masu shiga kwamfuta ta USB wasunsu +10 dBm ma ya yi musu yawa. Ka lura da kyau, wannan lamba iyakar ƙonewa ce. Awo mai kyau yana can ƙasa da ita nesa, domin tun kafin na'ura ta ƙone take fara haifar da siginonin ƙarya a cikinta, ka zaci tiransimitarka ce ke da datti alhali na'urar ce ta ƙware. Ni nakan nufi -10 dBm ko ƙasa da haka.

Mu koma kan wat 50 ɗinmu. Daga +47 zuwa -10 akwai dB 57. Ba sai ka nemi guda ɗaya mai wannan adadi ba. Ka sa babba mai dB 30 a farko, sigina ta sauko +17 dBm, wato miliwat 50. Ka bi shi da ƙarami mai dB 20, ta koma -3. Ka ƙara na dB 10, ta tsaya a -13 dBm. Ka samu abin da kake so har da ɗan sarari.

Jerin nan ba a juya shi. Babban shi ne ke fuskantar tiransimita, domin shi zai shanye kusan duka wat 50 ɗin: abin da ke fita daga bayansa ɗaya cikin dubu ne kacal. Ƙananan da ake ɗaurawa a bakin na'ura yawanci wat 1 ko wat 2 suke ɗauka, idan ka sa ɗaya daga cikinsu a gaba ya ƙone nan take, kuma ba lalle ya ƙone ta hanyar da za ta kare na'urarka ba.

Game da babban kuwa, kada ka sayi mai wat 50 don aikin wat 50. Lambar da aka rubuta a jikinsa galibi ta yanayin zafi na digiri 25 ce, da iska tana kewaya shi. Ɗaki ya yi zafi, ko an cusa shi cikin akwati, ƙarfin da zai iya ɗauka ya ragu. Ka ninka: mai wat 100 don aikin wat 50. Ka kuma duba ko yana da ɓangaren shiga da na fita. Ƙananan atinuweta ko ta ina ka juya su daidai ne, amma manya da yawa an gina su ne ta yadda rasistar da ke gaba ce mai ƙwari. Dalilin a lissafi yake: a cikin na dB 20 mai siffar π, rasistar farko ita kaɗai ke shan kusan kashi 82 cikin ɗari na ƙarfin da ya shigo, ta tsakiya ta sha kusan kashi 16, ta ƙarshe ba ta kai kashi 1 ba. Ka juya shi baibai, ka ɗora wa mai rauni kayan ƙato.

Abu na ƙarshe a nan, zango. Kowane atinuweta yana da iyakar gigahaz da yake aiki daidai, a rubuce kamar DC zuwa 3 GHz ko DC zuwa 18 GHz, inda DC ke nufin miƙaƙƙiyar wuta irin ta batir, wato zango sifili. Idan kana neman dattin da tiransimita ke fitarwa a ninki biyu da ninki uku na zangonta, to iyakar atinuwetan ta rufe har can. Tiransimitar da ke kan megahaz 145, ninkinta na uku yana kan 435.

Wani gargaɗi da ba na so in tsallake: wasu manyan atinuweta da lodin gwaji, wato rasistar da ake ɗaura wa tiransimita a madadin eriya, musamman tsofaffi, suna da farin tangaran na beriliyam a ciki. Yana zaune lafiya muddin bai fashe ba, amma ƙurarsa guba ce ga huhu. Kada ka goge shi da zarto, kada ka fasa.

Mataki na uku: om 50 ne ko om 75

Kebul ɗin da ake kira kowaks, mai waya ɗaya a tsakiya da saƙar ƙarfe ta lulluɓe ta, tsohon abu ne. Oliver Heaviside ya yi rajistar dabararsa a Ingila a 1880, sannan Lloyd Espenschied da Herman Affel na Bell Labs a Amurka suka nemi rajistar nasu tsarin a 1929. Kowane kowaks yana da adadin om ɗinsa, wato turjiyar da sigina ke gani a cikinsa. Lissafi ya nuna cewa kebul mai iska a tsakani ya fi ɗaukar ƙarfi a wajen om 30, ya fi ƙarancin asara kuma a wajen om 77. Om 50 ya zama tsaka-tsaki, shi ya sa kayan tiransimita, rediyon oba-oba, wayfay da na'urorin awo suka zauna a kansa. Talabijin da dish, waɗanda karɓa kawai suke yi, suka zauna a om 75. Kebul nau'in RG-58 da RG-213 na om 50 ne, RG-59 da RG-6 na om 75.

Atinuwetanka ya zama daidai da layin da yake kai. Gaskiya ne cewa haɗa 50 da 75 kai tsaye kusan kashi 4 cikin ɗari na ƙarfi kawai yake mayarwa baya, SWR, ma'aunin siginar da ke dawowa baya wanda 1 shi ne mafi kyau, ya zama 1.5, wanda ba zai hana ka sauraron tasha ba. Amma a wurin awo, lambar da ke jikin atinuwetan ta daina zama gaskiya. Akwai ɗan mahaɗi mai rasista biyu da ake yi musamman don sulhunta su, yana cin dB 5.7, sai ka sa wannan a lissafinka.

Mataki na huɗu: gane mahaɗi kafin ka murɗa

A nan nake so mu daɗe, domin a ganina yawancin matsalolin da ake ɗora wa na'ura a mahaɗi suke.

Nau'in N shi ne babba mai kauri da ake murɗawa, wanda aka sa wa harafin sunan Paul Neill na Bell Labs, tun shekarun 1940. Yana kaiwa gigahaz 11, masu inganci na musamman har 18, yana ɗaukar ƙarfi sosai, yana kuma jure waje. Shi za ka fi gani a bakin manyan atinuweta. Tarkonsa shi ne yana da na om 50 da na om 75, kuma daga waje kamanninsu ɗaya. Tsinken na om 50 ya fi kauri. Ka tura namijin om 50 cikin macen om 75, ka buɗe mata baki har abada. Ka sa namijin om 75 cikin macen om 50, tsinken ya riƙa lilo, sigina tana zuwa tana ɗaukewa.

BNC shi ne wanda ake turawa a juya kwata ya kama. Galibi ana cewa sunan Neill da na Carl Concelman ne a cikin haruffansa. Yana da saurin sakawa da cirewa, shi ya sa ya cika teburin gwaji, kuma na om 50 yana aiki zuwa gigahaz 4. Ɗan'uwansa TNC girmansu ɗaya, sai dai shi murɗa shi ake yi, don haka ya fi jure girgiza kuma yana kaiwa gigahaz 11.

SMA ƙaramin nan ne mai ruwan zinare ko na azurfa, ya fito a shekarun 1960, yana kaiwa gigahaz 18. Kyakkyawan mahaɗi ne amma ba shi da juriya: masu ƙera shi kan ba shi kimanin ɗauri 500, idan an bi shi a hankali. Shi ma da nasa tarkon. Akwai RP-SMA, wanda aka juya wa ciki, wato namiji, mai noti, shi ke da rami, mace, mai haƙoran murɗi a waje, ita ke da tsinke. Shi ne a jikin yawancin kayan wayfay. Idan ka haɗa namijin RP-SMA da macen SMA ta asali, za su murɗu lafiya lau kamar an yi su don juna, alhali rami ne ke kallon rami, babu abin da ke wucewa. Na taɓa ɓata yini guda ina zargin wata risiba da mutuwa, ashe wannan ne. Tun daga ranar ba na murɗa ƙaramin mahaɗi sai na leƙa cikinsa a gaban fitila.

Akwai kuma mahaɗan awo masu tsada, na milimita 3.5 da na 2.92, masu kaiwa gigahaz 26.5 da 40. Suna shiga da SMA, amma namijin SMA mai arha wanda tsinkensa ya yi tsawo ko ya karkace yana iya lalata su a ɗauri ɗaya. Na milimita 2.4 kuwa ba ya shiga da SMA kwata-kwata, kada ka tilasta.

PL-259 da abokiyarsa SO-239 tun shekarun 1930 suke. Ana ce musu mahaɗan UHF, sunan kuwa na zamanin da ne, lokacin da duk abin da ya haura megahaz 30 ake masa wannan kallo. Ba sa riƙe om 50 daidai a cikinsu. A gajeren zango suna aiki ba laifi, amma ni ba na sa su a layin awo da ya kai ɗaruruwan megahaz. F na talabijin da dish ne, om 75, kuma wayar tsakiyar kebul ɗin ita ce tsinkensa. A kan turakun sadarwar wayar salula za ka tarar da 7/16 da 4.3-10, waɗanda aka gina don babban ƙarfi.

Idan bakin kayanka bai zo ɗaya ba, adafta ɗaya mai kyau ta fi uku da aka jera. Kowace gaɓa tana cin ɗan ƙarfi tana mayar da ɗan sigina baya, nauyin jerin kuma yana karya bakin na'ura. Babban atinuweta mai nauyi kada ya rataya a jikin mahaɗi: ajiye shi a tebur, ka haɗa da gajeren kebul. Kuma idan kana yawan saka da cirewa, ka ɗaura adafta ɗaya ta zauna dindindin a bakin na'urar awo, ita ta riƙa cinyewa a madadin bakin.

Mataki na biyar: ɗauri

Kashe tiransimita tukuna. Ƙunar siginar rediyo tana shiga nama, kuma tiransimitar da aka kunna ba lodi tana iya ƙona kanta.

Leƙa cikin mahaɗan biyu. Idan akwai ƙura ko ɓurɓushin ƙarfe, hure da busasshiyar iska, ka goge da ɗan tsinken auduga marar gashi da aka jiƙa da sifirit na aisofurofil, ka bar shi ya bushe. Idan dogon kebul ne da ya sauko daga eriya, taɓa tsakiyarsa da jikinsa na ɗan lokaci don wutar da ta taru ta fice kafin ya kusanci na'urar awo.

Daidaita su a miƙe, ka tura a hankali, sannan ka murɗa noti kaɗai. Jikin mahaɗin da kebul su tsaya cik. Idan ka juya jikin, tsinken yana juyawa cikin ramin yana kankare ruwan zinaren da ke kansa. Fara da yatsu. In ka ji ya cije tun farko, koma baya, haƙoran ba su hau daidai ba. SMA sifana mai milimita 8 yake ɗauka, kuma akwai sifana ta musamman mai lanƙwashewa idan ɗauri ya kai: kimanin 0.56 N·m, ma'aunin ƙarfin murɗi, ga na tagulla, 0.9 ga na baƙin ƙarfe marar tsatsa. Filaya ba ta da aiki a nan. Mahaɗin da zai kwana a waje kuma a naɗe shi da tef mai haɗe jikinsa, a rufe da tef na lantarki a sama, domin ruwa in ya shiga saƙar kebul ba ya fita.

Mataki na shida: gwada shi kafin ka ba shi amana

Atinuwetan da ya taɓa shan wuta fiye da ƙima ba ya nunawa a fuska. Da mitar awon om ta gama-gari za ka iya kama shi. Bar ɗaya bakin a buɗe, ka auna tsakanin tsakiya da jiki a ɗayan. Ga na om 50, mai dB 3 zai nuna kusan om 150, mai dB 6 kusan 84, mai dB 10 kusan 61, mai dB 20 kusan 51, mai dB 30 kuwa 50 da ɗan ɗigo. Juya ka auna ɗaya ɓangaren, ya kamata lambar ta zo ɗaya. Idan ka toshe bakin da lodin om 50, kowanne daga cikinsu om 50 zai nuna. Kada dai ka cusa kaurin tsinken mita cikin ramin mace, ɗaura adafta ka auna a kanta. Wannan gwaji ba ya gaya maka halinsa a gigahaz, kuma ba ya aiki ga wanda aka sa wa kafasita mai tare wutar DC, amma yana tona asirin ƙonanne.

Bayan haka sai gwajin jerin gaba ɗaya. Sauke tiransimita zuwa mafi ƙarancin ƙarfinta, kunna na daƙiƙa biyu, duba ko abin da na'ura ta nuna ya yi daidai da lissafinka. Ya yi daidai, sai ka ɗaga a hankali. Bai yi ba, tsaya ka nemo dalili. Kada ka manta kebul ma yana cin nasa, kuma cin yana ƙaruwa da tsawo da hauhawar zango.

Amfaninsa a gaban risiba

Mutane kan yi mamaki idan aka ce rage sigina na iya gyara karɓa. Idan kana kusa da babbar tashar FM, wadda ke tsakanin megahaz 88 da 108, ƙarfinta na iya cika bakin risibarka har ka riƙa jin ta a wuraren da ba ta nan. Ga yadda za ka rarrabe: saka dB 10 a layin eriya. Siginar gaske za ta sauka da dB 10 daidai. Ta ƙarya, wadda risibar ta haifa a cikinta, za ta faɗi fiye da haka nesa, sau da yawa da dB 20 ko 30, ko ta ɓace ɗungum. Farashin da kake biya shi ne raunanan tashoshi ma sun ragu da dB 10, don haka ka sa gwargwadon abin da ya kashe ƙaryar kawai. A nan ne atinuweta mai matakai ke da daɗi, wanda ake juyawa dB 1 bayan dB 1 har a sami daidai. Akwai kuma na cikin guntun lantarki da kwamfuta ke sarrafawa, irin mai tafiya rabin dB rabin dB har zuwa 31.5.

Hattara da layin da ke ɗauke da wuta. Risibar dish tana tura bolt 13 ko 18 ta cikin kebul ɗin zuwa LNB, wato kan da ke gaban dish mai karɓar sigina, haka ma wasu eriyoyi masu amfilifaya a jikinsu. Atinuweta na gama-gari zai zubar da wannan wuta ƙasa ta rasistocinsa, ya yi zafi, LNB kuma ya rasa abinci. Nemi wanda aka rubuta yana barin DC ya wuce, mai om 75, wanda ya rufe megahaz 950 zuwa 2150. Akasin haka, yawancin na'urorin duba sigina ba sa son ko ɗigon DC a bakinsu, sai ka sa mai tarewa a gaba.

Akwai wani aikin da yake yi a ɓoye. Siginar da ta dawo daga lodin da bai daidaita ba sai ta ratsa atinuwetan sau biyu, tafiya da dawowa, don haka ragin da take sha ninki biyu ne. Ka sa na dB 6 a gaban kebul ɗin da ƙarshensa a buɗe yake, SWR ba zai wuce kusan 1.67 ba. Na dB 10 ya sauke shi zuwa 1.22. Masu awo suna amfani da wannan da gangan don kwantar da layi tsakanin janareton sigina da abin da ake gwadawa. Amma yana nufin idan ka auna eriya ta bayan atinuweta, ko ta bayan dogon kebul mai asara, mitar SWR za ta yabi eriyar da ba ta cancanta ba. Ka auna a gindin eriyar.

Idan kana so ka haɗa naka

Don aikin gajeren zango da ƙaramin ƙarfi, za ka iya. Ga siffar π a om 50: na dB 3, rasistocin ƙasa biyu om 292 kowacce, ta tsakiya 17.6. Na dB 6, om 150 da 37.4. Na dB 10, om 96.2 da 71.2. Na dB 20, om 61.1 da 247.5. Kada ka yi amfani da rasistar da aka naɗa da waya, domin a zangon rediyo naɗin yana zama kwayil. Ƙananan masu kwanciya a kan allo sun fi, in babu su ka yanke ƙafafun na gama-gari gajeru iyakar iyawa. Sa su cikin akwatin ƙarfe, jikin mahaɗan biyu ya manne da akwatin. Kada ka nemi fiye da dB 20 a ɗaki ɗaya, saboda sigina za ta fara tsallakawa ta iska daga shiga zuwa fita ta bar rasistocin a baya. Idan dB 40 kake so, yi biyu na 20 ka raba su da bangon ƙarfe, sannan ka ɗora mitarka a baki ka ga ta nuna om 50 kafin ka haɗa shi da komai.